Kafin Ƙwallo Ta Iso

Idan ana wasa, idon ɗan kallo yana bin ƙwallo ne duk inda ta nufa. Shi ya sa mafi kyawun abin da gwanin yaro yake yi a fili yakan wuce yawancinmu, domin yana yin sa ne a lokacin da ƙwallo take ƙafar wani.

A ɗauki ɗan tsakiya mai shekara 16. Mai tsaron bayansu yana riƙe da ƙwallo yana neman wanda zai ba. Yaron ya ja da baya taku biyu, ya waiga ta kafaɗar hagu, ya dawo da ido. Ya sake waigawa ta dama. Da abokin wasan nasa ya ɗaga ƙafa zai buga, sai ya zuba wa ƙwallo ido. Ta taso tana gangarowa, ya saci kallo na ƙarshe, ƙiftawa guda. A wannan kallon ya ga mai gadinsa ya taho a guje ta hagu, ya kuma ga ɗan gefensu na dama ya fara zabura. Bai tsayar da ƙwallo ba. Ya karkace jiki, ya bar ta ta gifta gabansa har ta kai ga ƙafar da ke nesa da ita, ya taɓa ta da cikin ƙafa sau ɗaya zuwa dama, kamar taku ɗaya da rabi. Mai gadin ya wuce fuu, ya rungumi iska. Taɓawa ta biyu fasin ce, ta ratsa tsakanin mutum biyu ta faɗi a gaban mai gudu. Fasin ɗin za a tafa wa, alhali an gama aikin tun ƙwallo tana hanya.

Wannan gwaninta ce mai rassa uku da suke haɗe da juna: waige, tsayuwar jiki, da taɓawar farko. Waigen shi ne tushe. Wani farfesa ɗan ƙasar Norway, Geir Jordet, na kwalejin kimiyyar wasanni da ke Oslo, ya daɗe yana nazarin bidiyon manyan 'yan wasa, yana ƙirga sau nawa mutum yake kawar da ido daga ƙwallo a cikin daƙiƙa 10 na ƙarshe kafin a miƙo masa. Xavi na Barcelona yakan kai kusan sau 8. Frank Lampard da Steven Gerrard kusan sau 6. Abin da ya gano shi ne, waɗanda suka fi waiwaye sun fi kai fasin inda suka nufa, musamman fasin gaba, wanda shi ne mai wuya.

Amma yawan juya kai shi kaɗai ba ya wadatarwa, kuma nan ne abin yake ƙara burge ni. Akwai lokacin waige, akwai lokacin da ba a yi. A daidai sa'ar da ƙafar abokin wasa take haɗuwa da ƙwallo dole ido ya tsaya a kanta, don a san ƙarfinta da inda ta dosa. Tsakanin taɓawarsa da taɓawarsa, ko lokacin da ƙwallo take tafiya a ƙasa, a nan ake satar kallo. Kuma kallon nan na rabin daƙiƙa dole ya dawo da labari: wa ke kusa, da wane gudu yake tahowa, ina sarari yake, ina zai kasance nan da daƙiƙa biyu. Kamar direban adaidaita sahu ne a cunkoson Kano, wanda idonsa ke yawo tsakanin madubi da hanya, ya riga ya san ratar da zai shige tun kafin ta buɗe.

Tsayuwar jiki ita ke ba waigen amfani. Yaron da ya tsaya ƙirjinsa yana fuskantar mai ba shi ƙwallo sak, ya ba rabin fili baya, duk abin da zai yi sai ya juya tukuna. Wanda ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya tana kallon ƙwallo, ɗaya tana kallon ragar abokan karawa, yana ganin ɓangare biyu da ɗan motsin wuya. Sai taɓawar farko. Ƙafar da za ta tari ƙwallo sakinta ake yi, a ɗan janye ta baya a lokacin haɗuwa, don ta shanye ƙarfin bugun. Idan aka sandare ta, ƙwallo ta yi tsalle ta zama ta kowa. Gwani ba ya ma kashe ƙwallo a ƙarƙashinsa sai in dole, tura ta yake yi wajen da ya riga ya zaɓa.

Ba a haihuwar kowa da wannan. Ana samunsa ne da maimaici, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Filin unguwa mai rairayi da tsakuwa yana da nasa alherin, domin ƙwallo ba ta taɓa zuwa yadda ake zato, ƙafa kuwa sai ta koyi gyara da kanta. Wasan mutum huɗu da huɗu a lungu yana ba yaro taɓawa fiye da yadda zai samu a babban fili inda mutum 22 suke rabon ƙwallo ɗaya. Katanga kuma malama ce da ba ta gajiya: a buga da dama a tara da hagu, a buga da hagu a tara da dama, har ƙafar da ba a saba da ita ba ta daina kunya. Abin da filin unguwa ba ya koyarwa da kansa shi ne ɗaga kai, saboda a can mai yanka ake yi wa kirari, shi kuwa mai yanka kansa a ƙasa yake. Ina ganin wasu masu horar da yara suna ƙara dagula lamarin ba da niyya ba. Kocin da yake tsaye a bakin fili yana ta ihu, “Bayanka!”, “Juya!”, “Ba shi!”, ya zama shi ne idon yaron. Ranar da babu muryarsa, yaro ya makance.

Akwai makaranta a Ghana da ta nuna iya nisan da yaro mai wannan tarbiyya zai iya kaiwa. Wani Bature ɗan Ingila, Tom Vernon, ya kafa Right to Dream a 1999, kuma mazauninta yana Old Akrade, a gaɓar kogin Volta kusa da Akosombo. Ana ɗaukar yara tun suna ƙanana, kyauta, a haɗa musu aji da fili da tarbiyyar hali. Daga nan hanya takan rabu biyu. Ɗaya ta nufi Turai. Ita ce Mohammed Kudus ya bi, yaron Nima a Accra, unguwar da Hausa take cikin harsunan kasuwa da masallaci: Nordsjælland ta Denmark a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023. Sai dai dokar FIFA ta hana sayen ɗan wasa daga wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan dalilai. Makaranta kuwa tana iya karɓar ɗalibi tun kafin nan. Wannan ita ce hanya ta biyu, ta makarantun sakandaren kwana na Amurka, daga su sai jami'a.

Abu Danladi, haifaffen Takoradi a 1995, ita ya bi. Daga Right to Dream ya tafi makarantar Dunn a Kalifoniya, a 2014 aka ba shi lambar Gatorade ta gwarzon ɗan ƙwallon sakandare na Amurka baki ɗaya, ya shiga jami'ar UCLA. A shekararsa ta farko ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, inda Virginia ta doke su a bugun fenariti. A Janairun 2017, da ƙungiyoyin MLS, gasar ƙwararru ta Amurka, suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa, shi aka fara kira, Minnesota United ta ɗauke shi, ya ci ƙwallo 8 a kakarsa ta farko. Daga baya raunuka sun yi ta ja masa birki. Ba shi kaɗai ne ya bi wannan hanya ba. Emmanuel Boateng ya ci wannan lambar ta Gatorade a 2012, ya yi jami'ar Santa Barbara kafin Helsingborg da LA Galaxy. Joshua Yaro ya yi Georgetown, shi ne na biyu a zaɓen 2016. Umar Farouk Osman ya ci lambar a 2017 ya tafi Michigan, Ousseni Bouda ɗan Burkina Faso ya ci a 2018 ya tafi Stanford. Yara huɗu masu wannan lamba daga makaranta ɗaya a gaɓar Volta sun zama zakaran gwajin dafi a ƙasar da miliyoyin yara suke buga ƙwallo.

Ƙwallon jami'a a Amurka tana da nata yanayi. Hukumar NCAA ce ke kula da mafi yawanta, a rukuni uku, kuma a rukuni na ɗaya kaɗai ƙungiyoyin maza sun haura 200. Kakar gajera ce mai zafi. Ana farawa a ƙarshen Agusta, ana yawan buga wasa biyu a mako, zuwa Nuwamba ƙungiyoyi 48 su shiga gasar sili ɗaya ƙwale, a ɗaga kofi a Disamba. Ɗan shekara 18 da ya shigo zai tarar da ƙarti masu shekara 22 da 23, waɗanda suka yi shekaru suna ɗaga ƙarfe, suna kuma matsa wa mai ƙwallo lamba tun daga busar farko. Boateng bai kai mita 1.7 a tsawo ba. Yaro mai irin wannan jiki ba zai yi kokawa da su ya yi nasara ba. Makaminsa shi ne ya riga su sanin abin da zai faru, ya bar wurin kafin kafaɗa ta iso shi.

Saboda haka kocin jami'a da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan ɗan gajeren bidiyon da yara suke turowa, mai cike da yanka da cin ƙwallaye. Yakan nemi cikakken wasa, ya kalli yaron a lokutan da ƙwallo take nesa da shi. Shin yana waige? Yana gyara tsayuwa? Idan aka ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, yana bi ko yana ɗaga hannu yana ƙorafi? Minti 90 na ɗanyen bidiyo ba ya rufa wa kowa asiri.

Sai maganar aji, wadda ba ta da sassauci. Kafin ɗalibi ya buga wa jami'a ta rukuni na ɗaya wasa a shekararsa ta farko, sai ya nuna ya kammala manyan darussa 16 na sakandare da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, kuma jami'o'i irin su Stanford da Georgetown suna neman abin da ya zarce haka nesa. Ana duba takardun makaranta, ana duba tarihin ƙungiyoyin da ya buga wa, ana tambayar ko ya taɓa karɓar albashi ko sa hannu a kwantiragin ƙwararru. Wanda aka rage wa shekaru a takarda, ko aka tura shi wata ƙungiya a kan 'yan kuɗi kaɗan yana ɗan 16, mai yiwuwa an rufe masa wannan ƙofa bai sani ba. Tallafin karatu kuma ba a kwance yake ba. Shekara da shekaru doka ta taƙaita wa ƙungiyar maza kwatankwacin gurbin karatu kyauta 9.9, koci ya yanyanka shi ya raba wa yara kusan 30, sai a 2025 tsarin ya sauya ga jami'o'in da suka shiga sabuwar yarjejeniya. A rukuni na uku babu tallafin wasa sam, sai na ƙwazon karatu da na buƙata. Bayan an shiga, ƙa'ida ta ce atisaye da wasa kada su wuce awa 20 a mako a lokacin kaka, amma tafiye-tafiye suna waje da lissafin, kuma wanda makinsa ya faɗi benci zai koma ko da shi ne tauraro. Ina jinjina wa duk yaron da ya bar gidan iyayensa yana ɗan 15, ya yi jarrabawa da harshen da ba nasa ba, ya yi aikin gida a cikin mota bayan wasan dare, ya kuma fito fili washegari da kai a sama.

Ga 'yan mata ƙofar ta ma fi faɗi. Wata dokar Amurka ta 1972 ta wajabta wa makarantu daidaita dama tsakanin maza da mata, har ƙungiyoyin mata a rukuni na ɗaya suka haura 300. Michelle Alozie ta Super Falcons ta karanta kimiyyar halittu a Yale tana buga musu ƙwallo, kuma ita ce ta ci Afirka ta Kudu ƙwallon nasara a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Maroko a Yulin 2025. Right to Dream ta fara ɗaukar 'yan mata tun 2013.

Yara kaɗan ne za su sami gurbi a Old Akrade, amma atisayen waige ba ya buƙatar ciyawa ko kuɗi. Yara uku sun isa. Ɗaya ya tsaya a tsakiya, ɗaya a gabansa da ƙwallo, ɗaya a bayansa. Da na gaba ya buga, sai na baya ya ɗaga yatsu, biyu ko uku ko biyar. Na tsakiya ya waiga, ya faɗi adadin da ƙarfi, sannan ya tari ƙwallo. Da farko zai yi ta ɓarar da ita, ko ya faɗi adadi da ka, don haka a fara da fasin mai sanyi daga nesa. Idan ya saba, a rage tazarar, a ƙara ƙarfin bugun. Daga nan na baya ya daina ɗaga yatsu, ya riƙa tahowa da kansa ta hagu ko ta dama, na tsakiya kuma ya kai taɓawarsa ta farko ɗaya gefen. Duk bayan bugu goma sai a yi musanyar wuri, kowa ya ɗanɗana tsakiya.