Gandun Abramtsevo: Wa Ya Cancanci Yabon?

Duk mai bibiyar tarihin zane-zanen ƙasar Rasha ba zai rasa cin karo da sunan Abramtsevo ba, wato wani gandu da ke da nisan kimanin kilomita 60 daga Mosko. Marubucin nan Sergei Aksakov ne ya saye shi a 1843, kuma a nan ne Gogol ya karanta wa mutanen gidan babi na farko daga kashi na biyu na littafinsa Matattun Rayuka a 1849, rubutun da ya cinna wa wuta da hannunsa a 1852.

A 1870 gandun ya koma hannun Savva Mamontov, attajirin da ya yi arziki da shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa. Nan da nan gidan ya zama matattarar masu zane irin su Repin da Vasnetsov da Serov, suna ci suna kwana, suna shirya wasan kwaikwayo, har suka gina ɗan ƙaramin coci tsakanin 1881 da 1882.

Galibin masu ba da wannan tarihi sukan tattara yabon su jibga wa Mamontov. Ba mu raina hidimarsa ba, don kuwa ciyar da masu zane ba ƙaramin aiki ba ne. Amma a ganinmu abin da ya bambanta gandun da sauran gidajen masu kuɗi aikin mata biyu ne: uwargidansa Elizaveta da mai zane Elena Polenova. Su ne suka riƙa ratsa ƙauyuka suna tattara tsofaffin kayan sassaƙa na talakawa, kuma daga 1885 Polenova ta karɓi ragamar ɗakin da ake koya wa yaran ƙauye kafinta.

To, ko a nan ma akwai abin dubawa. Ita ke zana fasali, yara su sassaƙa, a kai Mosko masu hali su saya da sunan aikin karkara. Ashe ke nan sai da idon 'yar birni ya tace fasahar ƙauyen kafin ta shiga kasuwa, sunayen yaran kuwa ba kasafai ake jin su ba.

A 1899 aka kama Mamontov bisa zargin almundahana. Kotu ta wanke shi a 1900, amma dukiya ta riga ta salwanta. Ɗakin sassaƙar dai bai rufe ba, Elizaveta ta ci gaba da riƙe shi har rasuwarta a 1908.