Da gaske ƙarya ta fi gaskiya gudu? Sharhi kan binciken MIT

Duk lokacin da aka taso da batun sa wa soshiyal midiya takunkumi, sai ka ji wani ya ce ai kimiyya ma ta tabbatar ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa sau shida. Maganar tana da asali. Daga wani bincike take da Soroush Vosoughi da Deb Roy da Sinan Aral na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a mujallar Science a watan Maris na 2018.

Aikin babba ne, a ba su wannan. Sun bi sawun jerin saƙonni kusan 126,000 da mutane wajen miliyan 3 suka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Sun samu cewa yiwuwar a sake tura labarin ƙarya ta ɗara ta na gaskiya da kashi 70 cikin 100, kuma kafin na gaskiya ya kai ga mutum 1,500 sai ya ɗauki ninki shida na lokacin da na ƙarya yake ɗauka. Abin da ya fi burge ni shi ne batun asusun da kwamfuta ke sarrafawa. Da suka cire su daga lissafin, sakamakon bai sauya ba. Wato mu 'yan Adam ne muke tura ƙaryar, kuma masu binciken suna ganin saboda takan zo da sabon abu mai ban mamaki ne.

To amma wace "gaskiya" aka auna? Nan gizo ke saƙa. Labaran da suka shiga lissafin su ne waɗanda shafuka shida na tantance labarai, irin su Snopes da PolitiFact, suka riga suka duba. Su kuwa waɗannan shafuka ba sa ɓata lokaci kan abin da babu gardama a kansa. Sakamakon wasan ƙwallo, rasuwar shugaba, sanarwar ganin wata, duk gaskiya ne masu bazuwa cikin mintoci, amma ba irinsu ake kai wa masu tantancewa ba. Ka ga kenan an haɗa tsere tsakanin ƙaryar da ta riga ta yi suna da wani ɗan yanki na gaskiya. Su ma sun hango matsalar, har suka sa ɗalibai uku suka tantance wasu ƙarin labaran, kuma sakamakon ya zo kusan ɗaya. Wannan ya rage shakku, bai kawar da shi ba. A 2021 kuma Jonas Juul da Johan Ugander suka sake duba alƙaluman, suka nuna cewa idan aka kwatanta labarin ƙarya da na gaskiya da suka kai ga adadin mutane ɗaya, bambancin sauri da zurfin yaɗuwa yakan ɓace.

Sannan saƙonnin Turanci ne, a Twitter kaɗai. Binciken bai ce komai ba game da saƙon murya na Hausa da ke yawo daga wannan rukunin WhatsApp zuwa wancan, inda mai bincike ba shi da ƙofar leƙawa.

Babban abin da ke damuna shi ne tsallen da ake yi daga "ƙarya tana yaɗuwa" zuwa "don haka gwamnati ta rufe". Binciken bai gwada wata doka ba ko ɗaya. Mu kuwa mun ga gwajin da idonmu. A watan Yunin 2021, kwana biyu bayan Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, gwamnati ta sanar da dakatar da shafin, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Hukumar NBC ta umarci gidajen rediyo da talabijin su daina amfani da shi. Duba wa ya fita, wa ya zauna: kafafen da ke da lasisi da edita da adireshin da za a kai ƙara su ne doka ta ɗaure, mai asusun bogi kuwa ya sauke VPN ya ci gaba da harkarsa. A watan Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa rufewar ta saɓa doka.

Akwai kuma tambayar da alƙaluman Twitter ba za su iya amsawa ba: me ya sa mutum zai gaskata saƙon da ƙanin babansa ya turo masa, ya ƙi na hukuma? A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, lokacin ko ƙirƙiro Twitter ba a yi ba. Jita-jitar ƙarya ce, amma ta sauka kan mutanen da ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda yara 11 cikin 200 suka rasu. Ba kamen masu magana ne ya dawo da rigakafin a 2004 ba. Sai da aka sake gwada maganin, aka samo shi daga Indonesiya, sarakuna da malamai kuma suka shigo cikin lamarin.