Kwalliya Mai Sauƙi: Dalilin Fifita Lafiyar Fata a Kan Tarin Mayuka

A cikin shekarun baya-bayan nan harkar gyaran jiki ta sauya kama a biranen ƙasar Hausa, domin shafukan Instagram da TikTok sun kawo wa mata da 'yan mata salon kula da fata iri-iri daga ƙasashen duniya, ciki har da tsarin nan na Koriya ta Kudu da ya shahara da matakai goma, wanda ake bi da bi ana shafa ruwa da mai kala-kala safe da dare. A lokaci guda kuma masu haɗa mayuka a gida sun yawaita, suna tallata robobin da ba su da suna ko bayanin abin da ke ciki, tare da alƙawarin haske cikin mako ɗaya ko biyu. Sai dai wani ra'ayi na daban ya fara samun karɓuwa, wanda ke cewa kulawar yau da kullum ba ta buƙatar fiye da abubuwa uku ko huɗu da aka san asalinsu, kuma wannan ra'ayi shi ne ya cancanci goyon baya, saboda ya dace da yadda fata take aiki, ya dace da yanayin wannan yanki, ya kuma dace da aljihun yawancin mutane.

Hujja ta farko tana cikin halittar fatar kanta. Saman fata wani siririn shinge ne na matattun ƙwayoyin halitta da maiƙo, wanda aikinsa shi ne riƙe danshi a ciki da tare ƙwayoyin cuta a waje, kuma fata takan sabunta kanta a cikin kimanin mako huɗu ga matashi, ya ɗan fi haka ga wanda ya manyanta. Ma'anar wannan ita ce duk mai na ƙwarai yana buƙatar makonni kafin a ga amfaninsa, saboda haka wadda take sauya mai duk sati ba za ta taɓa sanin wanda ya karɓe ta da wanda ya cutar da ita ba. Haka nan yawan dirza da soso mai kaushi da wanka da ruwa mai zafi sosai da sabulu mai ƙarfi suna kankare maiƙon da ke cikin wannan shinge, sai fata ta bushe ta riƙa ƙaiƙayi, ƙuraje su feso, a kuma koma kasuwa neman wani mai na magance abin da wankan ya jawo. Lamarin ya fi tsanani a lokacin hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da busasshiyar iska mai ƙura daga hamadar Sahara take tsotse danshin jiki har leɓe ya tsage, faso ya kama dunduniya.

Tsarin da ya wadatar ba shi da wahalar bayani. Da safe a wanke fuska da ruwa mai ɗumi da sabulu mai laushi, a tsane ta da tawul mai tsabta ta hanyar dannawa a hankali, sannan a shafa mai tun fatar tana da sauran laima, domin mai yana kulle ruwan da ya tarar ne, in ya tarar da busasshiyar fata kuwa amfaninsa kaɗan ne. Man kaɗanya, wanda Najeriya take cikin manyan ƙasashen da ke samar da 'ya'yansa, yana biyan wannan buƙata ga jiki: a ɗebo kamar girman ƙwayar gyaɗa, a murza shi tsakanin tafin hannu har ya narke ya zama ruwa, a bi gwiwar hannu da ƙafa da dunduniya da shi, mai fuska mai maiƙo kuma ta nemi wanda ya fi shi sauƙi don kada ya toshe mata ƙofofin gashi. Abu na uku shi ne kariya daga rana, ko dai da inuwa da mayafi da laima, ko da man kariyar rana mai lamba 30 ko sama da haka, domin ko da yake sinadarin melanin, wato launin da ke sa fata duhu, yana ba da kariya, zafin rana yana ƙara duhunta tabon da ƙuraje suka bari. Da dare kuma a wanke duk wata hoda kafin a kwanta. Wanda yake alwala sau da yawa a yini yana da ƙarin dalilin ajiye ɗan mai a kusa, tun da ruwan da ke bushewa a kan fata yakan tafi da danshinta, kuma kwalliya mara nauyi ta fi sauƙin cirewa da mayarwa tsakanin salla da salla.

Babban abin da ke hana mutane gamsuwa da wannan tsari shi ne cewa ba ya sauya launi, alhali kasuwa ta daɗe tana koya wa mata cewa kyau shi ne haske. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, kuma a shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Sinadarai uku ne suka fi yawa a irin waɗannan mayuka. Na farko shi ne haidirokwinon, wanda ke hana fata samar da melanin, wanda kuma idan aka daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi mai wuyar magani. Na biyu su ne magungunan rage kumburi da ake kira sitiroyid, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata, amma idan aka mayar da su man shafawa sukan sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, su haifar da nankarwa da ƙuraje, su sa rauni ya ƙi warkewa, su kuma shiga jini su taimaka wajen kawo hawan jini da ciwon suga. Na uku ita ce zaiba, guba mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wadda ke iya kaiwa ga ɗan da ke ciki, kuma saboda haɗarinta ne Yarjejeniyar Minamata ta shekarar 2013 ta tanadi hana kayan kwalliyar da ke ɗauke da ita. Duk wadda ta ga yadda gaɓoɓin yatsu ke zama baƙi ƙirin alhali fuska ta yi fari fat, ta san cewa garin neman gira ne aka rasa ido, kuma abin ya fi muni idan aka ji cewa har jarirai ake shafa wa.

Duk da haka, komawa ga sauƙi ba ya nufin amincewa da duk abin da aka gada ido rufe. Kwallin gargajiya na dutse yawanci ma'adinin dalma ne, kuma a shekarar 2012 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa sakamakon kwallin da aka kawo daga Najeriya, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na cikinsa dalma ce. Al'ummar da ta ga ɓarnar gubar dalma a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010 ba ta buƙatar dogon bayani kan illar wannan ƙarfe ga ƙwaƙwalwar yaro, saboda haka sa wa jarirai kwallin dutse al'ada ce da ya kamata a bari. Haka kuma lalle na ganye, mai ba da launin ja, ba shi da matsala ga yawancin mutane, amma baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi yana ɗauke da wani sinadari da ke iya ƙona fata ya bar tabo mai siffar zanen. Ko sabulun salo, wanda ake yi da toka da mai, yakan yi wa wasu fuskoki ƙarfi, don haka ma'aunin shi ne sanin abin da ke cikin kaya da yadda jiki ya karɓe shi.

Gashi ma yana bin wannan ƙa'ida. Gashi mai murɗe irin na baƙar fata yana saurin bushewa saboda maiƙon fatar kai ba ya gangarowa har ƙarshen sili cikin sauƙi, don haka abin da yake buƙata shi ne wanki kamar sau ɗaya a mako ko biyu, da taje shi yana da laima daga ƙasa zuwa sama da matajin da ke da manyan haƙora, da ɗan mai, da barinsa ya bushe sarai kafin a rufe shi da ɗankwali ko hijabi. Kitson da aka ja har fatar goshi ta ɗaga, ƙananan ƙuraje suka fito a gefen kai, shi ne ke cinye gashin gaba sannu a hankali, kuma idan aka shekara da shekaru ana yi saiwar gashin takan mutu ba ta sake tsirowa, shi ya sa uwa ta gari take gaya wa makitsiya ta sassauta hannu idan yarinya ta ce da zafi.

Ana iya cewa wannan ra'ayi yana rage wa masu sana'ar kwalliya kasuwa, ko yana raina gyaran amare da dilka da halawa da turaren wuta, waɗanda suka zama wani ɓangare na bikin aure a Kano da Maiduguri da sauran garuruwa. Amsa ita ce ranar biki daban take da sauran ranaku, kuma babu laifi amarya ta sha ado na musamman muddin ba a cusa sinadarin bilicin a cikin haɗin ba, kuma burushi da soson hoda wankakku ne. Ƙwararriyar mai kwalliya ma ta fi jin daɗin aiki a kan lafiyayyar fata, domin hoda ba ta kwanciya a kan fatar da ta ƙone, kuma jan baki ba ya ƙawata tsagaggen leɓe.

Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki nasa nauyin. Mai saye ta duba lambar rajistar NAFDAC da jerin sinadarai da ranar lalacewa, ta guji duk robar da ba ta da su, ta kuma gwada sabon mai a ɗan wuri a damtse na kwana biyu kafin ta kai shi fuska. Wadda ta daɗe tana shafa mai mai sitiroyid ta nemi likitan fata ya taimaka mata ta bari a hankali, domin yankewa farat ɗaya kan sa fata ta yi bore. Iyaye da mazaje da samari kuma su daina auna kyau da haske, su yaba wa baƙa da wankan tarwaɗa da fara kowacce a launinta, domin matuƙar ana fifita fara a zance da waƙa da neman aure, masu haɗa mai ba za su rasa ciniki ba, kuma gargaɗin likitoci kaɗai ba zai wadatar ba.