Masu wankin Pont-Aven: ina gajiyarsu ta tafi?

A shekarar 1886 ne Paul Gauguin ya sauka Pont-Aven, wani ƙauye na yankin Bretagne a Faransa, inda masu zane marasa abin hannu ke taruwa saboda arhar masauki. A can ya zana «Les Lavandières à Pont-Aven», wato mata masu wanki, wanda ke ajiye yau a gidan kayan tarihi na Orsay da ke Paris.

Zanen yana da daɗin kallo, wannan ba gardama. Ga gulbin Aven kwance, ga gidaje da itatuwa a bayansa, launi bisa launi da gajerun shafe-shafe irin na malaminsa Pissarro. Matan suna durƙushe a bakin ruwa da fararen hulunan gargajiyarsu. Amma mai kallo zai daɗe yana neman aikin bai gan shi ba. Babu fuskar da za a karanta, babu damtsen da ya ɗaure wajen matse zane. An dasa su ne a gaɓa kamar yadda aka dasa itatuwan, don farin kansu ya haska koren wurin.

Wannan rashi zai fi damun ɗan Gamu ko Gure, inda ba gulbi, inda wanki ke farawa daga bakin rijiya da guga da igiya, a kuma yi tsimin ruwan ɗauraya. Wanda ya tashi a nan ya san farashin tsabta tun kafin a taɓa sabulu. (A Yamai kuwa, kusa da gadar Kennedy, galibin masu wankin bakin kogi maza ne, don can sana'a ce ta kuɗi.)

A gida ɗaya da zanen Gauguin akwai «La Blanchisseuse» na Honoré Daumier, na wajen 1863, kuma malamin da zai nuna wa ɗalibai na farko ya kamata ya haɗa da shi. Ita ma wannan matar ba a ganin fuskarta sosai, duhu ya rufe ta. Sai dai tana hawowa daga kogin Seine, ƙunshin kaya a hammata, bayanta ya ranƙwafa, ɗaya hannun yana jan ƴarta a kan matakala. Nauyin jiƙaƙƙen tufafi har a kafaɗar mai kallo. Yarinyar kuma, wadda da ƙyar ƙafarta ke kai matakin, mabugin wankin uwar ne riƙe a hannunta.