Jinjina ga Masu Nutso na Komadugu

Tun kafin shekarar 1943, sa'ad da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar tulun iska wadda ke bai wa ɗan Adam damar daɗewa a ƙarƙashin teku, masuntan Komadugu, kogin nan da ke kwaso ruwan Haɗejiya da na Jama'are, ya bi ta gefen Diffa, ya zube a Tafkin Chadi wajen Boso, sun riga sun gaji ilmin nutso kaka da kakanni, ba su da guzuri illa numfashin da Allah Ya hore musu.

In kogi ya kawo, laka ta turɓune shi har ido ba ya ganin tafin hannu, sai gwani ya cika ƙirji ya nutse, yana lalube, ya kwance tarun da ya sarƙe a saiwa, ko ya zaro tarwaɗa daga raminta. Amma falalarsu, a ganina, ranar musiba take bayyana, domin in kwalekwale ya kife, dangi na tsaye a gaɓa suna salati, su ne ke sauka su nemo mamaci, don a samu a yi masa wanka da salla da sutura kamar yadda shari'a ta wajabta.