Littafin da ke Taɓa Miki: Waiwaye kan «Wa Zai Auri Jahila?»

Duk lokacin da aka zo zaɓen littattafan da za a ajiye wa ƴan makaranta, a koleji ko a gidajen raya al'adu, akan samu mai cewa a kauce wa labarin auren dole, da fyaɗe, da duka, don kada a buɗe wa yara ido. A Kano wannan ra'ayi ya kai ga ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a cikin 2007. To amma alƙaluman UNICEF sun nuna cewa a Nijar, cikin ƴan mata huɗu, uku ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Ke nan abin da muke ɓoye wa ɗaliba a takarda, tana ganinsa a gidan maƙwabta, in ma bai same ta ba. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Littafin Balaraba Ramat Yakubu, «Wa Zai Auri Jahila?», wanda ya fito cikin 1990, ma'auni ne mai kyau a wannan muhawara. Labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, mutumin da ya haife ta. Marubuciyar, wadda ita ma an aurar da ita tana ƙarama, ba ta lulluɓe daren farko da kunya ba: ta nuna shi a matsayin cin zarafi. Ƙarfin littafin shi ne mai karatu yana tsaye a gefen yarinyar, yana jin tsoronta, ba ya leƙen asirinta don nishaɗi. Haka kuma an ɗora laifin inda ya dace, a kan manyan da suka yanke hukunci, alhali al'ada ta saba tuhumar wadda ta yi yaji. Yarinyar da aka zalunta, idan ta karanta, za ta samu sunan abin da aka yi mata, ta kuma gane ba ita ta jawo ba.

Duk da haka littafin yana da rauni. Abu ta tsere birni, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma al'amura suka daidaita mata cikin sauƙin da rayuwa ba ta cika bayarwa ba. Ɗalibar ƙauyen Dakoro ko Matameye, wadda ba ta da wanda zai karɓe ta a birni, tana iya rufe littafin da tambayar da bai amsa ba: ni fa, ina zan nufa?

A nan aikin malami yake farawa. Irin wannan littafi ba a miƙa shi a juya baya. A karanta tare, a bar ɗalibai su tattauna halin Abu ba tare da an tilasta wa kowa faɗin nasa ba, kuma malami ya san tun farko wurin da zai kai yarinyar da ta tsaya bayan an tashi tana son magana.

Mu tuna, tun 1934 yaran Hausa ke karanta «Shaihu Umar» na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai cike da satar yaro, da bauta, da mutuwar uwa a wajen neman ɗanta, kuma ba a taɓa kiransa ɓata tarbiyya ba. Abin da ya bambanta shi da littafin Balaraba shi ne zaluncin da ya faɗa ya zama tarihi, nata kuwa mai yinsa yana iya kasancewa zaune a zauren gida.