Farar Tauraruwa a Littattafanmu: Wa Muke Yi wa Talla?

Duk wanda ya saba da littattafan soyayya na Hausa, tun daga waɗanda suka cika kasuwa a ƙarshen shekarun 1980 har zuwa na yau da ake karantawa a waya, zai iya siffanta tauraruwar labari tun bai buɗe shafin farko ba. Fara ce sol, doguwa, mai dara-daran idanu, hanci kamar biro, gashi har gadon baya. In marubuci ya so burgewa sai ya ce ruwa biyu ce, uwarta Balarabiya. Baƙar mace kuwa sau da yawa ita ce kishiya, ko 'yar aiki, ko ƙawar da ake aike da wasiƙa.

Mun saba ɗora laifin wannan a kan Turawa, kuma ba mu yi musu ƙage ba. Kasuwarsu ta daɗe da gane cewa wanda ya gamsu da surarsa ba ya sayen komai, don haka sai a nuna masa surar da babu mai ita, sannan a miƙo masa kwalba. Kamfanin Unilever ya yi shekaru yana sayar wa Indiyawa man Fair & Lovely, sai a 2020 da surutu ya yi yawa ya sauya masa suna zuwa Glow & Lovely. Ga kuma Snapchat da TikTok, masu wanke fuska a hoto har yarinya ta dubi madubi ta ji haushin kanta.

To amma shi kamfani biya yake yi a yi masa talla. Mu marubuta kyauta muke yi, kuma tamu ta fi shiga rai, domin da harshen gida take zuwa, ta tarar da "farar mace alkyabbar mata" da "fara ko mayya ce" suna jiran ta. Mu da ke koyarwa mun sha gani: a ba ɗalibai insha'i su siffanta kyakkyawar mace, sai 'yan matan Bakura da Maradun, waɗanda iyayensu ke yini cikin rana a gonakin Bakolori, su rubuto wadda ba su taɓa gani a unguwarsu ba. Ranar Talata kuma a leƙa kasuwar Mafara wajen masu kayan shafa, a ga irin man da aka jera a gaba.

Abin bai tsaya a takarda ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na shafa man bilicin, a 2023 kuma NAFDAC ta ce lamarin ya kai matsayin ta-ɓaci. Wasu mayukan na ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda, wasu na cinye fata har rauni ya ƙi warkewa. Marubucin da ya ɓata shafi guda yana wasa hasken tauraruwarsa ba ya zuwa dubiya asibiti.

Ta fuskar fasaha ma wannan ragwanci ne, wato siffa ce ta aro da ake yafa wa kowace yarinya don a huce wahalar gina halinta. Dubi Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990). Shekaru da dama bayan mun karanta shi, abin da muke tunawa game da Abu shi ne auren dolen da aka yi mata da Sarkin Noma, da naci irin nata har ta yi karatu. An tambaye mu launin fatarta, sai mun koma littafin.